Sabuwar Allura, Tsohon Hannu

(Jawabin da wani ɗalibi ya karanta a madadin 'yan'uwansa masu karatun kiwon lafiya, a wani taron ɗalibai da aka yi a Samaru.)



Muna godiya ga Allah da ya tara mu a wannan zaure lafiya, muna kuma godiya ga waɗanda suka ba mu damar yin magana a gaban na gaba da mu. Mu dai ɗalibai ne masu neman sani, ba mu kai ga zama likitoci ko malamai ba tukuna, saboda haka in an ji mun yi tuntuɓe a gyara mana. Abin da muke so mu tattauna a kai shi ne sababbin kayan aikin asibiti waɗanda aka ƙera domin kare ma'aikaci da majinyaci daga sharrin allura, da kuma horon da ya wajaba a ba mutanen da za su yi aiki da su. Ra'ayinmu guda ne, za mu kuwa faɗe shi tun da wuri domin kowa ya auna shi da abin da zai biyo baya. Duk hukumar da ta sayi sabon kayan aiki, ba ta koya wa hannun da zai riƙe shi ba, to, rabin ciniki ta yi, wani lokacin ma haɗari ta ƙara wa ma'aikacin.

Bari mu soma da abin da muka gani da idonmu, tun da an ce gani ya kori ji. A lokacin koyon aiki, an tura waɗansunmu wani ƙaramin asibiti a wannan yanki namu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, domin ba mu zo tonon asirin kowa ba. A cikin sito muka tarar da katan-katan na sirinji irin wanda yake kulle kansa in an yi allura da shi sau ɗaya, ƙura ta rufe su. Alhali kuwa kullum ana rubuta wa marasa lafiya takarda su je kemis su sayo sirinji irin na da. Muka tambayi malamin asibitin, wani dattijo mai haƙuri wanda ya soma aiki tun ba a haife mu ba. Ya ce, "Ai 'ya'yana, waɗannan jabu ne. Ka buɗe goma, da kyar ka sami uku masu jan magani." Muka roƙe shi ya nuna mana. Ya yage takarda ya zaro guda, ya ja sandar baya ya tura gaba domin ya ji ko tana tafiya daidai, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, sa'an nan ya soka a kwalbar magani ya ja. Sanda ta cije. Ya dube mu ya ce, "To, kun gani?"

Lalle mun gani. Sirinjin nan bai yi laifin kome ba, abin da aka ƙera shi ya yi shi ya yi. Da aka tura sandarsa gaba, sai ya ɗauka an gama allura, ya kulle. Dattijon ma bai yi laifi ba, gama ranar da aka kawo kayan, mota ce ta tsaya, aka sauke, aka miƙa masa takarda ya sa hannu, aka wuce. Ba wanda ya tsaya minti biyar ya ce masa wannan ba a gwada sandarsa.

A wannan wurin dai har wa yau, akwai wata baiwar Allah mai shara. Wata safiya ta ɗauki ledar shara, allura ta huda ledar ta soke ta a yatsa. Ta tsotse jinin, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aikinta. Sai bayan kwana huɗu maganar ta fito, cikin hira. Da aka tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru, sai ta ce ita aikin wucin gadi take yi, tana tsoron a ce ta cika sakaci a sallame ta, ba ta kuma san akwai wani magani da ake sha ba. Akwatunan kwali da aka tanada domin zubar da allura kuwa suna nan jibge a bayan ƙofa, ba a ko naɗa su ba. Matar nan ta shafe watanni cikin zullumi tana jiran sakamakon gwaji.

Wani zai ce, mene ne abin tayar da hankali a sukar allura, abin da ko ƙayar aduwa ta fi shi zafi? Amsar tana cikin ɗigon jinin da ya maƙale a ramin allurar. Masana sun auna cewa, in allurar da aka yi wa mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ta soki mai lafiya, cikin mutum 1,000 kamar 3 ne za su kamu. In ciwon hanta nau'in C ne, kamar 2 cikin 100. Amma in ciwon hanta nau'in B ne, kuma wanda aka soka bai yi rigakafi ba, haɗarin yana iya kaiwa 30 cikin 100. Daɗin daɗawa, ƙwayar wannan nau'in tana iya yin kwana 7 da ranta a cikin busasshen jini. Watau cutar da aka fi tsoro ba ita ce ta fi saurin kamu ba. Babban binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ke nan in marasa lafiya 25 suka yi layi a baranda, ana iya samun biyu daga cikinsu masu ɗauke da shi, galibinsu kuwa ba su sani ba, balle ma'aikacin da zai yi musu allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2002 cewa, cikin ma'aikatan lafiya miliyan 35 da ke duniya a lokacin, kimanin miliyan 3 ne kan gamu da sukar allura ko wani abu mai kaifi mai ɗauke da irin waɗannan cututtuka kowace shekara. An kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai, ma'aikata 66,000 sun kamu da ciwon hanta nau'in B ta wannan hanya, 16,000 sun kamu da nau'in C, sa'an nan kimanin 1,000 sun kamu da ƙanjamau. Waɗannan mutane ne da suka fito neman halal, suna yi wa waɗansu magani.

Wannan ɓangaren ma'aikaci ke nan. Ɓangaren majinyaci kuwa, tarihi ya bar mana darussa masu ɗaci. Iyayenmu sun san zamanin sirinjin gilashi, wanda akan tafasa a sake amfani da shi. In an tafasa shi yadda ya kamata, ba laifi. In jama'a ta yi yawa, ko kananzir ya ƙare, sai a ɗauraye kawai. A 1976, a wani asibitin mishan da ke Yambuku cikin ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sirinji 5 akan fitar kowace safiya a yi wa duk wanda ya zo allura da su. Ta haka cutar Ebola ta bazu a fitowarta ta farko a can, mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu, har da 11 daga cikin ma'aikatan asibitin su 17. A nan gida Nijeriya, a 1989, zazzaɓin Lasa ya ɓarke a asibitoci 2 na Jihar Imo, mutum 34 suka kamu, 22 suka mutu. Cikin waɗanda suka kamu akwai likitoci 3 da ma'aikatan jinya 6, bincike kuwa ya nuna cewa yin allura wa mutane da yawa da sirinji ɗaya yana cikin manyan dalilai.

Da aka koma ga sirinjin roba na amfani sau ɗaya, sai aka zaci an huta. Ashe da sauran rina a kaba, domin abin da aka ce a yar, talauci da son riba sun sa ana wanke shi a mayar. Wannan ne ya sa maƙera suka shiga neman sirinjin da ba zai yarda a maimaita shi ba ko da mai shi ya so. A 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da Asusun Kula da Yawan Jama'a suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa, suka nemi kafin ƙarshen 2003 kowace ƙasa ta koma ga sirinji mai kulle kansa wajen allurar rigakafi. Nijeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa kan tsaron allura da sharar asibiti a 2007. A watan Fabrairu na 2015 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa kiran zuwa allurar magani, ta sa 2020 a matsayin wa'adi. Hujjarta ita ce, allura biliyan 16 ake yi a duniya kowace shekara, kashi 90 cikin 100 na magani ne, na rigakafi kuwa kashi 5 kacal. Ta kuma kawo ƙiyasin cewa a 2010, mutanen da suka kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allura marar tsabta sun iya kaiwa miliyan 1.7.

To, jama'a, waɗanne ne waɗannan sababbin kaya, me ya sa kuma muka dage cewa sai an koya? Za mu kawo guda biyar, a lura da yadda kowanne yake neman hannu ya bar wata tsohuwar al'ada.

Na farko shi ne sirinji mai kulle kansa, wanda muka riga muka ambata. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe ko haƙorin roba da yake barin sanda ta yi tafiya ɗaya baya, ɗaya gaba. Ma'aikacin da ya saba gwada sanda, ko ya saba zuƙo iska ya tura cikin kwalba kafin ya ja magani, zai lalata shi tun bai soma ba. Ba duka ne kuma suke kullewa a wuri ɗaya ba. Wani tun daga fara turawa yake kamawa, wani sai sanda ta kai ƙarshe.

Na biyu shi ne sirinjin da allurarsa take komawa ciki kamar kan kunkuru. Yawancin irinsa sai an danna sandar har ƙarshe tun allurar tana jikin majinyaci, sa'an nan za ta tsuke ta shige. Wanda bai sani ba sai ya zare ta tsirara, ya riƙe a iska yana neman inda zai danna, a nan ne kuwa jini kan fantsama.

Na uku shi ne allura mai marfi a gefe, wanda akan tura da babban yatsa ko a danna a kan tebur har a ji ya ce ƙas. Da hannu ɗaya ake yi. Wanda ya sa hannu biyu ya kai yatsunsa bakin allurar da kansa, wanda kuma ya ga marfin yana tare masa gani ya fizge ya yar, ya mayar da ita tsohuwar allura mai tsada.

Na huɗu ita ce allurar ƙarin ruwa wadda bakinta yake rufe kansa in an zare ta. Ita kam ba ta neman a danna kome, amma nauyinta da yadda take shiga jijiya sun ɗan bambanta da wadda aka saba. Ma'aikaciyar da ta ƙware da tsohuwar, in ta kuskure jijiyar yaro sau biyu a gaban uwarsa, ba za ta sake yarda ta taɓa sabuwar ba, sai fa in an ba ta dama ta gwada hannunta tun kafin ranar.

Na biyar shi ne akwatin zubar da allura, kwali mai kauri wanda yake zuwa a shimfiɗe sai an naɗa. Mai cin lita 5 yakan ɗauki sirinji kamar 100. Ƙa'idarsa ita ce a ajiye shi inda hannu zai kai daga wurin da ake allura, a jefa sirinji da allurarsa gaba ɗaya ba tare da an mayar da marfi ba, a rufe in ya kai kashi uku cikin huɗu, a kai shi wurin ƙonawa, kada a juye shi a sake amfani da shi.

Kun ji wannan magana ta mayar da marfi. Ita ce uwar al'adun da suke jawo suka. Mutum ya riƙe marfi a hagu, allura a dama, ya nufi ramin da bai fi bakin tsinke ba, ga gajiya, ga duhu in an ɗauke wuta, ga yaro yana fizge-fizge. Ma'aikaci ya san haɗari ne in ka tambaye shi, amma hannunsa ya yi haka sau dubbai, yana kuwa yi kafin tunani ya iso. Shi ya sa muka ce sanarwa a jikin bango ba ta wadatar ba. Kai ne yake karanta sanarwa, hannu kuwa sai da maimaici yake koyo.

Kada a ce wannan zato ne irin na ɗalibai. A wani asibitin koyarwa da ke Birmingham ta Ingila, an yi shekara huɗu ana lissafin sukar allura, aka buga sakamakon a 2006. Shekarar da aka tsananta wayar da kan ma'aikata, sukar ta ragu da kashi 18 cikin 100. Da aka sassauta, shekarar da ta biyo sai ta hau har ta wuce inda take da farko. Da aka kawo sababbin allurai masu kariya, aka kuma haɗa da horo, sai ta faɗi da kashi 70 cikin 100. Darasi biyu ne a nan. Horo yana dushewa in ba a sabunta shi, sa'an nan kaya da horo in sun haɗu sun fi kowannensu shi kaɗai.

A Amurka kuma, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Karen Daley ta gamu da sukar allura a 1998 lokacin da take jefa wata allurar cikin akwati, ta kamu da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C. Ba ta ɓoye ba, ta fito ta yi magana a gaban 'yan majalisa. A watan Nuwamba na 2000, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar kare ma'aikata daga sukar allura. Abin da ya fi jan hankalinmu a dokar shi ne, ta wajabta wa masu asibiti su nemi shawarar ƙananan ma'aikatan da suke taɓa majinyata kafin a zaɓi kayan da za a saya, su kuma ajiye littafin rubuta kowace suka. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma sun yi tasu dokar a 2010, wadda ta hana mayar da marfi, ta kuma wajabta horo.

Yanzu mu dawo gida. Mu a nan Zariya ba mu da uzurin rashin malamai. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru tun 1962. Asibitin Koyarwa ya koma mazauninsa na Shika a 2005, ga makarantunsa na koyon jinya da sauran fannoni. Ga kwalejin kiwon lafiya a Maƙarfi tana yaye ma'aikatan lafiya na karkara. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari kuwa, daga Bomo da Basawa da Samaru har zuwa Hanwa da Dogarawa da Cikaji da Muciya, tafiya ce da ba ta gagari mai babur ba. Masu sani suna kusa, masu bukata suna kusa. Abin tambaya shi ne, me ya hana sanin isa hannun da yake bukatarsa?

A ganinmu, laifin yana ga irin bitar da muka saba. Kowa a zauren nan ya san ta. A kama ɗakin taro a babban birni, a gayyato shugabannin sassa, waɗanda rabonsu da riƙe sirinji an jima. A yi jawabai da Turanci, a haska hotuna a bango, a ci abinci, a karɓi alawus da takardar shaida, a watse da alkawarin kowa zai koya wa na ƙasa da shi in ya koma. Wanda ya koma kuwa ya tarar da layi har bakin titi, ba a kuma ba shi ko sirinji goma na gwaji ba. Bayan wata shida a yi masa canjin wurin aiki, ilmin ya tafi tare da shi. Shekara ta zagayo, wani ɗan kwangila dabam ya ci kwangila, ya kawo wani iri mai kullewa ta wata hanya, a koma gidan jiya. Mai shara da mai wanki da mai gadi da yake taimakawa wajen ƙona shara, su kam ba a taɓa rubuta sunansu cikin masu zuwa bita ba, alhali su ne suke ɗaukar abin da kowa ya yar.

Horon da muke kira a yi ba mai tsada ba ne. Da farko, a kai shi inda ake aikin, a yi shi a ɗakin allura, a kan teburin da ma'aikaci ya saba, rukuni-rukuni, har da masu aikin dare. Na biyu, kowa ya riƙe kayan da hannunsa. Lemo ko katifar soso ta isa a gwada allura a kai, a bar mutum ya lalata guda biyar a gaban mai koyarwa, ya fi ya lalata katan guda shi kaɗai ya ce jabu ne. Kada a sa wa kowa hannu a takarda sai an ga ya yi daidai sau da yawa a jere. Na uku, a yi da harshen da mutane suke ji. Babu abin da ke cikin wannan darasi da Hausa ta kasa faɗa, ga shi kuwa yau mun faɗa. Na huɗu, kada a bar kowa a baya, tun daga likita har zuwa mai shara, da mu ɗalibai, waɗanda hannunmu bai faɗa ba, muka kuwa fi kowa rawar jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya koyi mayar da marfi a shekararsa ta farko a asibiti zai yi shekara talatin yana yi. Na biyar, a maimaita, a kuma sake duk ranar da aka canja irin kayan.

Har wa yau, horon bai cika ba sai kowa ya san abin da zai yi in tsautsayi ya auku. A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, ba a tsotsa, ba a matsa da ƙarfi. A faɗa wa na gaba a cikin sa'ar. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau wanda ake sha kwana 28, amma tilas a soma shi kafin sa'a 72 su cika, gwargwadon saurin somawa gwargwadon amfaninsa. Wannan ne abin da matar da muka ba ku labarinta ta rasa da kwana ɗaya. Mutane ba za su faɗa ba muddin faɗar tana jawo tsawa ko kora, saboda haka wajibi ne shugaba ya nuna cewa wanda ya kawo rahoto taimako ya yi. Sa'an nan ga rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 cikin wata 6. Sai a 2004 aka sa shi cikin rigakafin yara a Nijeriya, ma'ana duk ma'aikacin da aka haifa kafin nan bai same shi yana jariri ba, sai in ya nema da kansa daga baya. Muna roƙon kowa a zauren nan da aikinsa ya shafi jini ya tambayi kansa ko ya yi.

Mun san za a ce mana ba kuɗi, ba kuma ma'aikata. Gaskiya ne, ba za mu raina wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a 2015 sirinji mai kariya ya ninka na gama-gari tsada aƙalla sau biyu. Asibitin da ma'aikaci ɗaya yake duba mutum hamsin kuwa, sa'a guda ma tana da tsada a wurinsa. Amma wannan hujja a gare mu take. In kaya yana da tsada haka, ina hikimar a saye shi a bar shi ya ruɓe a sito saboda rowar minti talatin? Ƙasar da take kukan likitocinta da ma'aikatan jinyarta suna ƙaura zuwa ƙasashen waje kuwa, ai ita ta fi kowa bukatar ta tsare lafiyar 'yan kaɗan da suka rage.

Saboda haka muna da roƙo ga yayyenmu ma'aikatan Gwamnati, musamman matasa da suke ofisoshin kuɗi da saye-saye da sito. Wataƙila kuna ganin wannan zancen likitoci ne, alhali da yawa daga cikinsa a kan teburinku yake ƙarewa. Ku ne kuke rubuta sharuɗɗan kwangila. Ku sa a ciki cewa wanda ya kawo kaya shi zai kawo na gwaji, ya kuma koya wa masu aiki da shi, kada a biya shi cikon kuɗinsa sai an ga sunayen waɗanda aka koya wa. Ku tabbata akwatunan zubarwa sun zo daidai da yawan sirinjin, gama sirinji 10,000 yana bukatar akwati 100. Kafin a zaɓi iri, ku aika wa masu aikin samfuri su gwada su faɗi ra'ayinsu. In kuma iri ya karɓu, kada a yi ta canja shi kowace shekara saboda ragin sisin kwabo.

Mu ɗalibai kuma akwai namu. Masu karatun likita da jinya da haɗa magunguna, mu koyi abin da kyau, sa'an nan mu nemi izinin malamanmu da na hukuma mu riƙa zagayawa ƙananan asibitocin da ke kewaye da mu, cikin ladabi, domin dattijon da ya yi shekara talatin yana aiki ya san abubuwa ɗari da ba mu sani ba, guda ɗaya kawai muka kawo masa. Masu karatun Hausa da aikin jarida, ku taimaka a rubuta ƙa'idodin nan da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami. Masu karatun injiniya, ku duba mana sha'anin tandar ƙona shara mai araha, domin akwatin da aka cika aka jefa a juji bai kare yaron da yake tsintar sirinji ya yi bindigar ruwa da shi ba, bai kuma kare 'yan jari-bola ba.

Dukanmu kuma marasa lafiya ne wata rana. Mu rage son allura. Da yawa daga cikinmu in ba a soke mu ba sai mu ga kamar ba a yi mana magani ba, har mukan matsa wa mai kemis ya yi mana, alhali lasisin mai sayar da ƙananan magunguna bai ba shi ikon yin allura ba. In ƙwaya za ta yi aiki, a sha ƙwaya. In kuwa allura ta zama tilas, haƙƙinka ne ka ga an yage takardar sirinjin a gabanka, ka kuma ga inda aka jefa shi.

Kafin mu zauna, bari mu ƙarasa muku labarin dattijon nan. Washegari ɗaya daga cikinmu ta zo da takardar da ke cikin katan ɗin, muka karanta tare da shi, muka fassara. Ya ɗauki sirinji, ya soka a kwalba ba tare da ya taɓa sanda ba, ya ja, magani ya hau sumul. Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya ya ce, "Ashe ni ne jabun." Muka ce a'a Baba, ba a dai faɗa maka ba ne. Kafin mu gama kwanakinmu a wurin, shi da kansa yake koya wa sauran, ya kuma sa an naɗa akwatunan nan an ajiye ɗaya a gefen kowane tebur. Abin da ya ci mana bai wuce rabin sa'a da sirinji shida ba. Asibitoci nawa ne tsakanin Samaru da Sabon Gari suke jiran irin wannan rabin sa'a, wa kuma zai kai musu in ba mu da muke zaune a nan ba?

Shugaban taro, a nan za mu dakata. Abin da muka faɗa daidai, Allah ya ba mu ikon aikatawa, inda muka yi kuskure kuma malamanmu su gyara. Allah ya kare ma'aikatan lafiyarmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.